Naman Suna a Tukunyar Banwar

Sanaiya, Doha
21 ga Maris, 2020

Zuwa ga uwargidana Mero,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce daga mutumin da bai taɓa farin ciki irin na yau ba. Yaya ƙafar nan taki? Yaya mai jego Fausatu? Ni da ɗanmu Munzali muna lafiya, ciwon korona bai shigo ɗakinmu ba.

Mero, namiji! Bayan shekara takwas ɗanmu da matarsa suna jira, namiji! Jiya da Munzali ya baro gadinsa a guje da waya a hannu, na ɗauka rasuwa aka yi. Ya ce, "Baba, Fausatu ta sauka." Nan na faɗi na yi sujada a kan tsakuwa. Moro, ɗan Zangon Kumasi da muke ɗaki ɗaya, ya ce, "Tsoho, tashi maza, kada su ce korona ta kayar da kai su kwashe ka."

Na san mun yi magana a waya, amma abu irin wannan sai a takarda. Ai don irin wannan rana muka zauna a bencin yara a ajin yamma, ni da ke, da furfurarmu. Zan rubuta, Munzali ya ɗauki hoto ya turo miki, ke ma ki ba ni amsa da hannunki.

Kwana huɗu ke nan da aka kulle Sanaiya, unguwarmu ta ma'aikata. Ba shiga ba fita, bas ɗin da nake ja yana ajiye, masallaci ma a rufe. Tunda zama ya same ni, bari in amsa tambayar da kika sha yi mini, wai su wane ne manyanmu a nan. Kamfaninmu hawa uku ne. A sama 'yan China, injiniyoyi. Gidansu daban yake a bayan katanga, da kukunsu da suka taho da shi, har da lambun kabeji. Tun kafin mu ji sunan ciwon nan suke ɗaura takunkumi. Babbansu Mista Lo, shekara huɗu ina wuce shi ban san muryarsa ba. A tsakiya Indiyawa. Su ne a ofis, su ne likita, su ne masu shago. Ko hutu kake nema sai ta hannun Mista Pilai, shugaban ma'aikata. A cikin gari suna da makarantunsu da shagunan zinare. Mu ne a ƙasa, direbobi da masu gadi. Akwai wasu magina Indiyawa a ginin kusa da mu, amma su ma na san wata rana ofis za su koma, tunda 'yan'uwansu ke riƙe da biro.

Ku yanka rago a Funtua ranar Juma'a. Ni ma mai shagonmu, Musulmi ne ɗan Kerala, ya ajiye mini rabin rago a firji. Zan soya, kowa a layinmu sai ya ci. Ba za a yi sunan jikana a ɓoye ba.

Ki gaya wa yaron nan kada ya saba da gadona. Ina nan tafe in ƙwace matata.

Mijinki,
Dogara

Funtua
27 ga Maris, 2020

Malam,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, mai jego tana wanka, yaro yana tsotso kamar an aiko shi. An raɗa suna da safe, sunanka ya ci. Tunda bakina ba ya faɗin sunan, Baba Ƙarami nake ce masa. Ya ce in gaya maka gadon ya zama nasa, ka nemi tabarma.

Maganar rabon nama, ka yi a hankali. Na san halinka, kai ba ka tambaya, zuba wa mutum kawai kake yi. Can ba Funtua ba ne.

Ka rubuto mini yadda aka yi.

Mero

Funtua
18 ga Afrilu, 2020

Malam,

Ina gaisuwa, amma ba lafiya nake ba. Kwana ashirin da biyu ba takarda, ba waya. Taka a kashe, ta Munzali a kashe. Rediyo na cewa ciwon ya yi yawa a unguwar ma'aikata. Fausatu ta daina cin abinci, nono yana ja baya. Na ce mata layi ne ba kyau, ta dube ni ta kau da kai.

Wannan takarda zan tura ta lambar Moro da ka taɓa kirana da ita. Moro, idan kai ne kake karantawa, don girman Allah ka faɗa mini gaskiya. In mutuwa ce ka ce mutuwa ce.

Mero

Sanaiya, Doha
3 ga Mayu, 2020

Mero,

Assalamu alaikum. Ina raye, Munzali yana raye. Ki fara riƙe wannan. Moro ya so ya kira ki, ni na hana shi, na ce daga hannuna za ki ji. Wayata ta fashe, murya kuma in na ɗaga ta kuka take zama.

Ranar suna na soya naman da hantsi. Ɗakin girkinmu dogo ne, kowane yare da murhunsa. Na bi ɗaki ɗaki ina rabawa, 'yan Ghana, 'yan Nepal, 'yan Bangaladash, kowa ya yi wa yaro addu'a da bakinsa. Da na dawo sai na ga tukunyar maginan Indiya a kan wuta, dankali ne da miya, ba kowa a wajen. Na ce bayin Allah, miya ba ko ƙashi. Na san ba sa cin saniya, shi ya sa ma na nemi rago. Na ɗebi ludayi biyu da mansa na juye musu, na rufe, na tafi ina murna.

Ashe su waɗannan ko ƙwai ba sa ci. Kuma suna cikin wasu kwanaki tara na ibadarsu, sau ɗaya suke cin abinci a yini, wannan dankalin shi ne na ƙarshe da ya rage musu a kulle.

Bayan azahar na ji ihu. Wani dattijo a cikinsu, Banwar, ya fito tsakar gida da tukunyar a hannu, mutum kamar goma sha biyar a bayansa. Wani ya nuna ni. Na taso ina dariya, na ɗauka godiya suka zo yi. Banwar ya kifar da tukunyar a gabana, miya mai zafi ta wanke mini ƙafa. Yana magana yana kuka, ban ji ko kalma ɗaya ba. Na miƙa hannu in ba shi haƙuri. Wani saurayi mai suna Madan, ƙanin matarsa, ya ɗauka kama shi zan yi. Ya sauke mini rodi a kan hannun. Na ji ƙarar ƙashina kafin in ji zafin. Ya ƙara na biyu, yatsuna suka juya baya.

Munzali yana bakin ƙofa ya hango ni a ƙasa cikin jini. Mero, ban taɓa ganin fuskar yaron nan haka ba. Ya zo da kulkin gadi. Madan ya kauce, Banwar ne ya sunkuyo, ina jin tukunyarsa zai ɗauka. Kulkin ya same shi a gefen ido. Ya faɗi kamar buhu. Daga nan tsakar gida ta rikice. Namu suka fito da kujeru, nasu da shebur da bulo. An fasa wa Moro leɓe, haƙora biyu suka zube. Wani ya watsa man da na yi suya da shi, ya ƙona wani ɗan Nepal da bai san komai ba. Naman sunan yana ƙasa ana tattaka shi cikin jini. Sai da 'yan sanda suka shigo da mota huɗu.

'Yan China suna saman benensu suna ɗaukar hoto da waya. Ko ɗaya bai sauko ba.

Banwar ya rasa idon hagu. Munzali yana tsare. Ni an yi mini ɗori, an sa mini ƙarfe a cikin hannu. Ki san yadda za ki gaya wa Fausatu.

Kin gaya mini, Mero. Takardarki na karanta ta bayan na riga na zuba.

Dogara

Funtua
4 ga Mayu, 2020

Zuwa ga wanda ya rubuto,

Wannan ba rubutun mijina ba ne. Shekara goma sha ɗaya ina ganin rubutunsa, a tsaye yake kamar shuka a kunya, wannan kuwa ya kwanta yana rawa. Kuma shi bai taɓa rufe takarda bai ce "mijinki" ba. Idan sun kashe shi kuna lallashina ne a hankali, Allah ya isa.

Idan kuma kai ne, Malam, ka faɗa mini abin da ya faru ranar da aka ba mu takardar gama aji.

Mero

Sanaiya, Doha
6 ga Mayu, 2020

Uwargida Mero,

Ranar da aka ba mu takarda kin zo ta biyu, na zo na tara. Na ƙi cin tuwo, kika ce in ci ko ki karanta mini lambar da ƙarfi a gaban maƙwabta. Ni ne. Da hagu nake rubutu, kowace takarda yini guda take ci. Likita ya ce dama ba za ta ƙara riƙe biro ko sitiyari ba.

Ga inda magana take. Lauyan da aka ba Munzali ya ce laifin ido babba ne, zai iya kai shekara biyar. Amma in wanda aka ji wa ciwo ya sa hannu a takardar yafiya, alƙali zai sassauta, a mayar da yaro gida. To komai yana hannun Banwar.

Gadonsa yana kallon nawa a asibiti, kwana tara. Kwana uku na farko bango yake kallo. A na huɗu na nuna masa hoton Baba Ƙarami a wayar Moro, na nuna ƙirjina, na kwatanta yanka da rabo. Ya daɗe yana kallo da ido ɗaya. Sai ya zaro wani hoto daga ƙarƙashin matashi, 'yan mata huɗu a gaban ɗakin laka da akuya. Mero, ɗakin bai kai kicin ɗinki ba. Ni da nake cewa ofis za su koma! Mutumin nan shekara goma sha uku yana ɗora bulo a Doha, su goma sha biyu a ɗaki. Da Mista Pilai ya zo dubiya, daga bakin ƙofa ya tsaya, da Turanci ya yi masa magana, don ko yarensu ba ɗaya ba ne. Banwar ya yunƙura zai miƙe masa da ledar ƙarin ruwa a hannu. Ashe Indiya ma hawa hawa ce, kuma hawan Banwar yana ƙasa da namu.

Wata nas ta fassara mana. Ya ce ya gane, ba wulaƙanci na yi nufi ba. Ya ce in aka kawo takarda zai amince. Ki yi ta addu'a.

Mijinki,
Dogara

Sanaiya, Doha
29 ga Mayu, 2020

Mero,

Ina gaishe ku da Sallah, in akwai wanda ya yi ta a gidan. Ni lafiya, sai hannu.

Na kai takardar yafiya asibiti, na tarar da gadon an shimfiɗa wa wani. An buɗe jiragen kwashe Indiyawa, Pilai ya sa sunan Banwar a na farko. Magini mai ido ɗaya ba shi da amfani a kan bene.

Na shiga ofis ban yi sallama ba. Pilai yana bayan gilashi cikin sanyi. Na ce, "Kwana ɗaya kawai, Oga, da ka jira kwana ɗaya." Ya ce, "Halas, shi ke nan, Dogara, an rufe fayil. Kai ma a rubuce yake daga bas ka faɗo. Yalla, fita." Ban san lokacin da na ɗaga kujera da hagu na maka wa gilashin ba. Ya tarwatse a kan teburinsa, ya shige ƙarƙashi yana kiran masu gadi. Abokan Munzali ne suka fitar da ni, suna ja suna cewa, "Baba, yi haƙuri, kada a haɗa ku biyu."

Na tare motar Mista Lo a ƙofa, na durƙusa. Ya sauke gilashi kaɗan, ya yi magana a cikin wayarsa, wayar ta fassara mini da muryar mace, "Ka ga Mista Pilai." Ranar na fara jin muryarsa.

Ba su kore ni ba, don in suka kore ni maganar hannuna za ta fito. Sun mayar da ni gadin sito. 'Yan sanda sun tambaye ni sau biyu wa ya karya ni. Madan yana tsaye a layi yana kallon ƙasa. Na ce ban gani ba. Ba don kirki ba, Mero, har yau in na gan shi jinina tafasa yake. Amma shi kaɗai ya san hanyar ƙauyen Banwar.

An yanke wa Munzali shekara biyar. Ba zan dawo ba sai da shi.

Mijinki,
Dogara

Sanaiya, Doha
11 ga Satumba, 2022

Uwargida,

Gaisuwa da fatan damina ta yi albarka. Na ga hoton Baba Ƙarami a kan akuya, na nuna wa duk mai shiga sito. Na je wajen Munzali ranar Talata, ya rame amma ya sauke Alƙur'ani karo na shida. Ya ce a gaya wa Fausatu haƙurinta yana gabansa kullum.

Kin san shekara biyu ina bin Madan yana guduna. In na shigo ta nan ya fita ta can. To yanzu saboda gasar ƙwallon duniya za a tsayar da gini, ana sallamar magina gida. Garin ya cika da tutoci da sabbin bas, duk daga China. Jiya na ritsa shi a bayan sito yana ɗaure jaka. Ya ga ba hanya, ya ɗauki guntun katako. Ni kuma akwai rodi a jingine kusa da ni, kuma wallahi hannuna ya kai kansa. Na ga wurin da zan sauke masa, daidai inda ya sauke mini. Sai na tuna a kan me nake zaune a ƙasar nan. Na saki rodin, na ɗaga masa hannun dama, yatsun nan uku da suka ƙage, na sa masa a gaban ido. Na ce da ɗan Larabcin da muke yi da juna, "Wannan naka ne, ban faɗa ba. Ɗana yana ciki. Kai takardar yafiyar nan wa Banwar."

Katakon ya faɗi. Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ashe shi duk zamansa jira yake ranar da zan nuna shi ko in rama. Ya karɓi takardar ya sa cikin riga.

Abin mamaki, yau Pilai da kansa ya kira ni, har da ba ni kujera. Wai Mista Lo ba ya son sunan kamfani a kotu yanzu da baƙi da 'yan jarida za su cika gari. In takarda ta dawo, su za su bi mata hatimi da lauya. Abin da na durƙusa a kansa aka rufe mini gilashi, yau ƙwallo ta buɗe shi. Na ce na gode kawai.

Mijinki,
Dogara

Sanaiya, Doha
24 ga Nuwamba, 2022

Mero! Mero!

Gaisuwa a gurguje, lafiya lau nake, yau ko hannun ban ji ba. Takarda ta dawo, alƙali ya karɓa, ranar Lahadi Munzali zai hau jirgi!

Lauya ya bar ni na riƙe ta. Na duba wurin sa hannu, ba suna. Yatsa ne aka dangwala da shuɗin tawada. Banwar bai iya rubutu ba. Kin tuna yadda muke dangwalawa a gaban akawu, yana kama mana yatsa kamar na yara? Na tsaya a tsakiyar ofis ina kallon zanen yatsan nan, hawaye suna zuba. A waje mutane na ta busa ƙaho da tutoci wai an ci wasa. Wani Bature ya rungume ni, ya ɗauka ƙasata ce ta ci.

Madan ya turo hoto. Banwar yana zaune a gaban ɗakin lakar nan da baƙin tabarau. Ba ya aiki. Wannan ba takardar da za ta gyara shi, kuma ni na fara zuba ludayin. Na roƙi mai shago ya koya mini rubuta sunansa da baƙaƙensu, ina koyo da hagu, in aika masa takarda ko da 'yarsa ce za ta karanta.

Munzali ba zai ƙara shigowa ƙasar nan ba har abada. Ni sai an gama wasa za su sake ni, sito ba mai gadi. Ku tare shi a Kano. Kada ku tara masa jama'a.

Mijinki mai jika,
Dogara

Funtua
28 ga Nuwamba, 2022

Malam,

Alhamdu lillahi. Ya iso da la'asar, muna lafiya. Fausatu a bakin ƙofa ta zauna tana kallonsa.

Baba Ƙarami da ya gan shi ya ruga bayana ya riƙe zanina. Na ce ga babanka, ya ce babansa yana cikin waya. Munzali bai matsa masa ba, ya zauna a tabarma can gefe. Na kawo tuwo da naman rago. Ya ci tuwon, naman ya tura shi gefen kwano. Ya ce tun ranar nan bai iya kai shi baki ba.

Yaron yana leƙe daga bayana. Can sai ya fito a hankali da tsokar da ya gama tsotsa, duk yawu, ya je ya jefa a kwanon ubansa, ya tsaya yana jira. Na ce, "Kai, mai sunan Malam, ana fara tambaya!"

Munzali ya dube shi, ya ɗauka, ya ci.

Ka taho. Gadonka dai ka rasa shi, amma na wanke tabarma.

Mero